Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Gida Ko Da Manhajarsu Ta Sha Bamban

A zamanin nan ba abin mamaki ba ne a shiga gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Legas, ko Kano, ko Fatakwal, a tarar da kwamfuta biyu ko uku, kowace da irinta. Maigida yana da ta aiki mai ɗauke da Windows, 'yarsa da ke jami'a tana da ta kamfanin Apple, sa'an nan ga wata tsohuwa a kusurwar falo wadda yaran gida suka sa wa Linux domin ta gaza ɗaukar sabuwar manhaja. Dukansu a gida ɗaya suke kwana, amma idan aka so a kai hoto ko takarda daga wannan zuwa waccan, sai a aika ta WhatsApp ko ta imel. Watau takardar za ta fita daga gidan, ta bi hanyoyin kamfanin waya, sau da yawa ma ta ƙetare teku zuwa wata babbar ma'ajiya a Turai ko Amurka, kana ta komo ta shiga kwamfutar da ke taku biyar daga inda ta tashi. An biya kuɗin data wajen tafiya, an kuma biya wajen dawowa.

Wannan asara kuwa ba ƙarama ba ce, balle tun daga watan Janairu na 2025, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashinsu da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Waɗanda suka guji kashe data sukan koma ga filas, a zare nan a soka can. Ita ma tana da nata aibin. Filas ce babbar dillaliyar cututtukan kwamfuta a ƙasar nan, daga shagon buga takardu zuwa gida. Bugu da ƙari, kowace manhaja tana da tsarin da take shirya ma'ajiyarta: idan an tsara filas da NTFS na Windows, kwamfutar Apple za ta karanta abin da ke ciki amma ba za ta rubuta kome a kai ba sai an ƙara mata wata manhaja, idan kuwa an tsara ta da tsohon tsarin nan FAT32, ba za ta karɓi fayil guda da ya wuce gigabait 4 ba, ko da akwai wuri fal a cikinta.

Abin da yawancin masu kwamfuta ba su sani ba shi ne, na'urorin nan uku sun riga sun iya harshe ɗaya tun daga masana'anta, ko kuma ana iya koya musu shi a cikin minti kaɗan, kuma zancen da za su yi a tsakaninsu ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Ko kobo na data ba zai fita ba. Kuma mai yiwuwa ne gidaje masu kwamfutoci gauraye su ƙaru, gama a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su ƙasar nan ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Mai irin wannan kwamfuta, idan ba ya so ya jefar da ita, Linux ce mafita mafi kusa gare shi.

HARSHEN CINIKI

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya san yadda Bahaushe mai tumatir da Bayarabiya mai saye da Ibo mai mota suke gama cinikinsu lafiya. Kowa in ya koma gida harshen iyayensa zai yi, amma a bakin kwando akwai harshen da kowa ke ji. Haka al'amarin kwamfutoci yake. Windows, wadda ta fara fitowa a 1985, da manhajar Macintosh ta 1984, da Linux wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kowace da halinta a cikin gida. Abin da ya haɗa su ƙa'idoji ne na magana waɗanda aka yi ittifaƙi a kansu.

Ƙa'idar farko ita ce ta kai saƙo, wadda ake kira TCP/IP. Masana biyu na Amurka, Vinton Cerf da Robert Kahn, su ne suka bayyana tushenta a 1974, kuma a ranar 1 ga Janairu, 1983, aka mai da ARPANET, uwar intanet ta yau, bisa kanta. A wannan babu sauran gardama, kowace kwamfuta da kowace wayar hannu ta zamani da ita take aiki. Ta biyu ita ce ƙa'idar neman fayil da ba da shi, mai suna SMB, kuma a kanta ne aka daɗe ana ja-in-ja.

Wani ma'aikacin kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya ƙago SMB a 1983, daga baya Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa ta, ta zama hanyar da kwamfutocin Windows suke musayar fayil da firinta. Sai dai kamfanin bai buɗe wa jama'a cikakken bayanin yadda take aiki ba. Ana nan, a ƙarshen 1991, sai wani ɗalibi mai neman digirin digirgir a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, Andrew Tridgell, ya bukaci haɗa kwamfutarsa mai DOS da wata babba mai Unix. Da ya rasa takardar bayani, sai ya zauna yana sauraron saƙonnin da ke wucewa ta kebul, yana kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya koyi harshe ta wurin zama a bakin kasuwa. A farkon 1992 ya fitar da abin da ya rubuta kyauta. Daga baya, da aka ce masa sunan da ya sa wa manhajar mallakin wani kamfani ne, sai ya sa kwamfuta ta binciko masa kalmomin ƙamus masu ɗauke da haruffan s da m da b a jere, ya zaɓi Samba. Kada mai karatu ya zaci sunan yana da dangantaka da Sambon Fulani.

Shekara da shekaru masu aikin Samba suna bin sawun Microsoft a cikin duhu, kamfanin ya sauya abu, su kuma su zauna su gano abin da ya sauya. Hukuma ce ta raba wannan gardama. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umurce ta da ta buɗe wa abokan gasarta bayanan ƙa'idojin nan. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun Turai ta tabbatar da hukuncin a watan Satumba na 2007, kuma kafin shekarar ta ƙare masu Samba sun sami takardun a hannunsu. Ita ma Apple, wadda take da tata ƙa'idar mai suna AFP, ta sallama a 2013, ta mai da SMB babbar hanyar musayar fayil a kwamfutocinta. Saboda haka abin da a dā sai gwani, yau maigida mai haƙuri yana iya yinsa da yammacin Asabar.

KAYAN DA AKE BUKATA

Abu na farko shi ne mahaɗa, watau na'urar da kowace kwamfuta za ta jingina da ita. A yawancin gidaje tana nan tuni: rautar da kamfanin intanet ya bayar, ko ƙaramar MiFi ta aljihu. Mutane suna ɗauka aikinta kawo intanet ne kurum, alhali kuwa duk na'urorin da suka hau kanta sun riga sun zama 'yan unguwa ɗaya. Ko data ta ƙare, ko an cire layin waya daga cikinta ɗungum, muddin tana kunne za ta ci gaba da kai saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki.

Ana iya hawa ta iska, watau Wi-Fi, ana kuma iya hawa ta kebul. A ganinmu, duk kwamfutar da ba a ɗaga ta daga wurinta, a ja mata kebul. Irin kebul ɗin da ake kira Cat5e, wanda ake samu a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, yana iya ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa guda har tsawon mita 100. Da irin wannan gudu, fim mai gigabait 4 yakan ƙaura cikin ƙasa da minti ɗaya, idan ma'ajiyar kwamfutocin ba ta da nawa. Amma sai a duba bakunan rautar, domin masu araha da yawa megabit 100 kaɗai suke bayarwa, wanda zai mai da wannan aiki na minti shida ko fiye. Ita kuwa Wi-Fi, bangon bulo da daɓen kankare na gidajenmu suna cin ƙarfinta ƙwarai. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 GHz ya fi nisa amma ya fi cunkoso, musamman a gidajen haya inda kowane ɗaki yake da tasa na'urar. Idan bakunan rauta sun kasa, sai a sayi ƙaramin suwic mai baki biyar ko takwas, a haɗa shi da ita da kebul guda. Ba ya bukatar wani saiti. Fasahar kebul ɗin nan, Ethernet, tsohuwa ce, Robert Metcalfe ya tsara ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox tun 1973, ga shi har yau ba a sami abin da ya fi ta aminci a cikin gida ba.

KOWA DA LAMBAR GIDANSA

Da zarar kwamfuta ta hau rauta, rautar takan ba ta adireshi, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, alal misali 192.168.1.10. A tsarin gidaje na yau da kullum, kashi uku na farko su ne sunan unguwa, na ƙarshe kuwa lambar gida. Adireshin da ya fara da 192.168 yana cikin waɗanda aka keɓe tun 1994 domin amfanin cikin gida da ofis, ba ya fita bainar intanet, shi ya sa maƙwabcinka zai iya riƙe irin lambarka ba tare da wani rikici ba.

Kafin a taɓa kome, sai a san adireshin kowace kwamfuta a rubuta shi a takarda. A Windows ana buɗe baƙin allon umurni a rubuta ipconfig. A Linux ana rubuta ip addr. A kwamfutar Apple ana duba sashen Network a cikin saituna. Idan kashi ukun farko sun yi daidai a dukansu, to, unguwarsu ɗaya. Idan ɗaya ta nuna lamba mai farawa da 169.254, wannan alama ce cewa ba ta sami rautar ba, ta laƙaba wa kanta lamba ne kawai; sai a duba kebul ko a sake hawa Wi-Fi.

Daga nan sai gwaji da umurnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, kuma dukan manhajojin uku suna da shi. A rubuta ping, a bi shi da adireshin ɗaya kwamfutar. Sallama ce ake yi a ƙofar gida: in an amsa, hanya a buɗe take. Sai dai a lura, Windows takan yi shiru ta ƙi amsa sallama kafin a kunna mata rabon fayil, don haka shirunta a wannan mataki ba ya nufin hanya ta yanke.

Akwai wani abu guda da yake wahalar da mutane daga baya. Adireshin da rauta take bayarwa aro ne, tana iya sauya shi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Jiya kwamfutar falo tana lamba 10, yau ta koma 14, sai kowa ya ce haɗin ya lalace. Maganin wannan shi ne a shiga shafin rautar ta adireshinta, wanda galibi yake rubuce a ƙarƙashinta, a nemi sashen DHCP, a ɗaure wa kwamfutar da ke riƙe da kayan iyali lamba ɗaya ta dindindin.

BUƊE ƘOFA

Shawarar da za mu bayar ita ce kada a ce kowace kwamfuta sai ta buɗe wa kowace. A zaɓi ɗaya ta zama rumbun gida, a yi folda guda a cikinta, sauran su riƙa zuwa suna ajiya suna ɗiba. Ƙofa ɗaya ta fi sauƙin tsaro da gyara.

Idan mai Windows ce rumbun, matakin farko shi ne a gaya mata cewa wannan hanyar sadarwa ta gida ce. Windows takan ɗauki kowace sabuwar hanya a matsayin ta baƙi, ta sa mata alamar Public, ta ɓoye kanta. Sai a shiga saitunan sadarwa a mai da ita Private, a kunna ganin juna da rabon fayil da firinta, sa'an nan a danna foldar da maɓallin dama, a shiga Properties, a shiga Sharing, a zaɓi wanda aka yarda ya shiga da kuma iyakar ikonsa, ko karatu kaɗai ko har da rubutu. Wanda ya saba da tsohuwar hanyar nan ta HomeGroup kada ya ɓata lokacinsa wajen nemanta, an cire ta tun 2018. Wani tarko kuma shi ne lambar PIN. Mutane da yawa da ita suke buɗe Windows kullum har sun manta da ainihin kalmar sirrinsu, alhali PIN ba ta aiki daga wata kwamfuta. Mafi sauƙi a buɗe wani asusu dabam a kan kwamfutar, mai suna da kalmar sirri nasa, a keɓe shi domin rabon fayil kaɗai.

Idan ta Apple ce, abin bai kai haka tsawo ba. A cikin saituna, ƙarƙashin General, akwai Sharing. A kunna File Sharing, a ƙara foldar, a tabbata an zaɓi SMB a cikin zaɓuɓɓuka, a kuma sa alama a kan asusun da masu Windows za su shiga da shi.

Linux ce take bukatar ɗan rubutu, amma ita ce ta fi dacewa da zama rumbu, domin ba ta da nauyi a kan tsohuwar na'ura. A kan Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, ana girka Samba da umurnin sudo apt install samba. A nan kaɗai ake bukatar intanet, sau ɗaya tak. Sa'an nan a buɗe fayil ɗin /etc/samba/smb.conf a ƙara layuka huɗu a ƙarshensa. A ce sunan asusun baba, foldar kuma iyali:

[iyali]
path = /home/baba/iyali
read only = no
valid users = baba

Bayan haka a rubuta sudo smbpasswd -a baba a sa kalmar sirri, domin Samba tana riƙe nata kalmomin sirri dabam da na shiga kwamfutar, kuma rashin sanin wannan shi ya fi kome sa sababbin shiga yin fushi. A ƙarshe a sake tayar da ita da sudo systemctl restart smbd. Idan katangar tsaro ta Ubuntu tana kunne, a ba Samba hanya da sudo ufw allow samba.

Shiga rumbun daga sauran kwamfutoci abu ɗaya ne da rubutu iri biyu. Mai Windows zai buɗe File Explorer ya rubuta \\192.168.1.10 a layin adireshi. Mai Apple zai buɗe Finder, ya danna Command da K tare, ya rubuta smb://192.168.1.10, haka ma mai Linux zai rubuta a manhajarsa ta fayiloli. Za a tambayi suna da kalmar sirri, a bayar, sai folda ta buɗe kamar a cikin kwamfutar mutum take. Kada a damu idan rumbun Linux bai bayyana da kansa a jerin maƙwabta na Windows ba. Tsohuwar hanyar da kwamfutoci suke shelar sunayensu ta tafi tare da tsohon SMB, sai an ƙara wata ƙaramar manhaja mai suna wsdd kafin ya fito. Adireshi dai ba ya kuskure.

ƘANANAN SAƁANI

Ko da magana ta haɗu, ɗabi'a takan bambanta. A wurin Linux, Wasika da wasika suna biyu ne dabam, a wurin Windows kuwa ɗaya ne. Windows ba ta yarda da alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu a sunan fayil, alhali Linux ba ta damu ba, saboda haka fayil mai irin wannan suna yakan fito da suna a hargitse ko ya ƙi kwafuwa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna wucewa lafiya a tsakanin manhajojin zamani, ba sai an sauya sunan takarda ba. Mai Windows kuma zai riƙa ganin waɗansu ƙananan fayiloli masu suna .DS_Store a duk foldar da kwamfutar Apple ta leƙa. Ba cuta ba ce, bayanin yadda ta jera gumakanta ne.

Firinta ma ana raba ta. Idan mai Wi-Fi ce ko mai bakin kebul, a haɗa ta da rautar kai tsaye, kowace kwamfuta ta same ta da kanta, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuwa tsohuwa ce mai USB, a jona ta da rumbun a raba ta daga can. Linux da Apple duka da tsarin buga takardu na CUPS suke aiki, wanda Apple ta saya a 2007. Illar wannan ita ce, sai rumbun yana kunne za a iya buga kome.

Idan an bi dukan matakan nan amma kwamfutoci sun ƙi ganin juna a kan Wi-Fi, a duba ko ɗaya ta hau layin baƙi na rautar, ko kuma an kunna saitin nan da ke raba masu hawa da juna. Waɗansu rautoci da MiFi suna da shi, kuma aikinsa ke nan, ya hana na'ura ganin 'yar'uwarta.

KULLE ƘOFA

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya da kyau. Yayin neman gyara, babu wuya wani ya ba shi shawarar ya kunna tsohon SMB na farko, watau SMB1, domin kome ya bayyana nan take. Gaskiya ne zai bayyana, amma ga abin da ya faru ta wannan ƙofa. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wani rauni da ke cikin SMB1 na Windows. Ba ta bukatar kowa ya danna kome. Da ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta bi hanyar sadarwa ta kama na kusa, ta ƙulle fayilolinsu, ta nemi fansar Dala 300 a kuɗin Bitcoin. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, kuma a Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin dubban majiyyata. Abin takaici, Microsoft ta riga ta fitar da maganin raunin tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta manhajarsu ba.

Tun daga ƙarshen 2017 sababbin fitowar Windows suka soma barin SMB1, Samba ma ta kashe shi daga saitinta na asali a 2019. Wanda ya maye gurbinsa, SMB2, yana nan tun Windows Vista ta 2006, SMB3 kuma tun 2012. Saboda haka duk na'urar da ta ce ba ta jin kome sai SMB1, kamar kwamfuta mai Windows XP, a ra'ayinmu gara a bar ta a waje, ko a sa mata Linux, da a rushe katangar gida duka dominta.

Haka kuma batun folda marar kalmar sirri. Tana da daɗin sha'ani, amma a tuna cewa duk wanda ya san kalmar Wi-Fi ta gidan ya shigo unguwar, har da ɗan maƙwabta da aka ba shi rannan don ya duba sakamakon jarrabawa, da duk abokan da shi kuma ya ba. Idan takardun fili, da hotunan iyali, da lissafin shago suna cikin foldar da ba kulle, to, suna hannunsu. Waɗansu daga cikin sababbin fitowar Windows ma sun daina yarda su shiga irin wannan folda. Baƙi a ba su layin baƙi na rautar, wanda zai kai su intanet ba tare da sun ga kwamfutocin gida ba. Wi-Fi kuma a kulle ta da WPA2 ko WPA3, a kuma sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kanti. Kada a kuskura a buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB yake bi, zuwa ga intanet daga cikin saitin rauta, ko da wani ya ce ta haka za a riƙa ɗauko fayil daga ofis. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, in ya hau Wi-Fi na otal ko na filin jirgi, ya tabbata alamar tana kan Public.

Sa'an nan yara. A ba su asusu mai ikon karatu kaɗai a kan foldar manya, a yi musu tasu dabam. Dalili kuwa, fayil ɗin da aka goge daga Windows ta hanyar sadarwa ba ya zuwa kwandon shara kamar yadda aka saba, tafiya yake yi gaba ɗaya. Muguwar manhaja mai neman fansa ma, in ta kama kwamfuta ɗaya, tana ƙulle duk foldar da wannan kwamfuta take da ikon rubutu a cikinta, ko da foldar a kan Linux take zaune. Don haka tara kayan iyali a rumbu guda ba ya ɗauke bukatar kwafi na biyu a wata ma'ajiya ta waje, wadda ake jonawa a kwafa, a zare a sa a durowa.

Saura batun wuta, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne farkon abin dubawa. Fayil ɗin da ake cikin rubutawa sa'ad da aka ɗauke wuta yana iya lalacewa, kuma yawan mutuwar farat ɗaya yana gajarta ran ma'ajiya. Wannan ya sa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai sauran rai a batirinta ta fi ta tebur dacewa da zama rumbu: wutar da take ci kaɗan ce, kuma batirin zai riƙe ta kafin a tayar da janareta. Rautar ma a sa ta a kan inbata ko ƙaramin batirin ko-ta-kwana, gama idan ta mutu hanya ta yanke ko da kwamfutocin duka suna kunne. Wanda kuma ya ja kebul ta tsakar gida daga wannan sashe zuwa wancan, ya bi da shi ta cikin bututun roba, ya kuma riƙa zare shi daga bakin na'ura idan hadari ya taso da damina, domin tsawa tana bin kebul ɗin sadarwa kamar yadda take bin wayar lantarki.